Mai Mita da Gado na Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya Mai Mita ya yi yana karanta mitar ruwa a unguwarmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya miƙa masa kujera ba. Gajere ne, siriri, kullum cikin kaki mai faci a gwiwa, da littafi a hammata, da fensir ɗaure da zare, da wani lanƙwasasshen ƙarfe na ɗaga murfin mita. Aikinsa a duƙe ake yinsa, a bayan ƙofa ko a gefen kwata, don haka masu gida ƙeyarsa kawai suka sani. Waɗanda suka san fuskarsa su ne karnuka.

A shekara biyun farko sau goma sha ɗaya aka cije shi. Na ga tabban da idona, duk a ƙwaurin hagu. Daga nan ya riƙa cika aljihu da gutsuren burodi da ƙasusuwan da mahauta suka zubar. Kafin ya yi ritaya babu kare ko kyanwa a unguwar da bai san takunsa ba, shi ma da su yake gane gidaje. In ka ce masa gidan wane, sai ya tsaya yana tunani. In ka ce gidan baƙin kare mai guntun kunne, nan take zai gaya maka lambar mitar da yawan famfunan. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi kyautar agogon bango, aka tafa masa. Agogon ya yi mako uku ya tsaya. Matarsa ta bar shi rataye a falo, ta ce ya dace da mai shi.

Wani bam ya tashi a tashar mota ranar Talata, ƙarfe goma saura minti ashirin na safe. Na san lokacin daidai, domin ina ɗaura agogona ne gilashin tagata ya tsage. Ba zan bayyana abin da aka gani a tashar ba. Waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu, waɗanda ba su gani ba kuwa sun riga sun ba da labarin har ya yi yawa. Mutum ashirin da uku suka rasu, aka kwantar da hamsin da takwas a babban asibiti.

Kafin yammacin Laraba an kafa kwamitin agaji a zauren makarantar firamare. Ciyaman wani ɗan kwangila ne, wanda ya shimfiɗa mana titin da ruwan farko ya kwashe. Zaman farko ya ci awa uku, biyu a kan sunan kwamiti, ɗaya a kan launin rigar da 'yan kwamiti za su sa. An zaɓi ruwan lemo, domin shi ya fi fitowa a hoto.

Ni aka naɗa sakatare saboda rubutuna. A makarantar mishan aka koya mana rubutu da alƙalamin tsomawa a tawada, a takarda mai layi huɗu, kuma duk wanda harafinsa ya tsallake layi sai yatsunsa sun ji rula. Na faɗi wannan ne domin a san cewa kuskuren da ya biyo baya da kyakkyawan rubutu aka yi shi. Ni na zana fom ɗin, gurbi goma sha huɗu. Gurbin farko, sunan wanda abin ya shafa. Gurbi na biyu, sunan ɗan'uwan da ya kawo rahoto, da sa hannunsa. Fom ɗin da ba a cika gurbinsa na biyu ba, ba ma karɓarsa. Mun yi haka ne don maganin 'yan damfara, kuma kowa ya yaba mini.

A ɗakin maza na asibitin akwai wani a gado na sha bakwai wanda fom ɗina bai san da zamansa ba. Ya doshi shekara sittin. An naɗe masa fuska da bandeji, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, hannayensa biyu sun ƙone, ƙarar kuma ta kashe masa kunne. Ba ya magana, ba ya ji, ba ya iya riƙe biro. Rigarsa ta ƙone da duk abin da ke aljihu. Makulli ɗaya kawai aka samu rataye da igiya a wuyansa, aka saka a ambulan, aka kulle a ofishin akawun asibiti. Dokar asibitin kuwa ita ce, majinyacin da ya kwana goma ba a san ko wane ne ba, a kai shi gidan gajiyayyu, can wani gari mai tafiyar yini guda. A can babu likitan ƙuna, kuma a iya sanina ba a taɓa dawo da kowa ba. Kwana goman za su cika ranar Juma'a ta sama, motar gidan kuma ƙarfe goma take tashi.

A ranar da muke muhawarar launin riga, Mai Mita ya ɗauki sukundireba da tsohon littafinsa, ya bi hanyar da ya saba bi, layi bayan layi. Tunaninsa mai sauƙi ne. Duk wanda ya fita safiyar Talata ya kulle ƙofa ne da niyyar dawowa da rana. In bai dawo ba, akwai abin da ya bari a ciki yana jira. Sai ya riƙa kara kunne a ƙofa. Inda ya ji haushi ko kuka ko yaƙushi, sai ya kira maƙwabta biyu su tsaya shaida. Ba ya fasa kwaɗo. Kusoshin ƙarfen da kwaɗon ke rataye a jiki yake kwancewa, ya shiga, ya ɗauko dabbar, ba ya taɓa ko cokali, ya mai da kusoshin yadda suke. Sannan ya rubuta layi da lambar mita da irin dabbar.

Kafin Asabar tsakar gidansa ta tara kare huɗu, kyanwa bakwai, zomo biyu, tantabaru cikin kwali, da kunkuru guda. Ina wucewa na jiyo matarsa ta kan katanga.

"Baban yara, ni fa mutum na aura, ban ce a kawo ni gidan namun daji ba. Jan karen nan ya cinye mini sabulu. Sabulu fa!"

"Yunwa ce, uwar yara."

"To ni ma in na ji yunwa sai in ci takalminka? Wannan kuma mai ƙoƙon bayan, uban wa zai yi wa gadi?"

"Na wata yarinya ne, tana ɗakin yara a asibiti. Ta tambaye shi jiya."

Matar ta yi tsaki mai tsawo. Amma ita ce ta yaga tsohon zanenta aka ɗaure ƙafar jan karen, ita ce kuma take ɗora babbar tukunya kowace safiya, mijin ya ɗauka a ka ya kai wa masu jinya da ke zaune a barandar asibiti. In ya sauke tukunyar sai ya bi gadaje da littafinsa, yana cewa, "Baba, karenka yana wurina, ya ci, ya sha." Sista mai kula da ɗakin mata ta gaya mini akwai wata tsohuwa da ta kwana huɗu ba ta ce uffan ba, har sai da ya ce mata kyanwarta ta haifi uku. Nan ta buɗe baki ta tambaye shi launinsu.

Ranar Litinin ya zo wurin kwamiti. Muna cikin rigunanmu masu ruwan lemo, an jera buhuna da barguna a bayanmu, mai hoto yana gyara mana tsayuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, rahoto na kawo."

"Na wa?" in ji Ciyaman. "Ɗan'uwanka ne?"

"A'a. Akwai wani ɗaki a saman shagon masu buga takardu. Ƙofa goma sha huɗu na buɗe, sha uku na san inda masu su suke, ko a asibiti ko a kabari. Wannan ɗin ban sani ba. Farar kyanwa na samu a ciki, ruwan bokiti ne ya raya ta. Maƙwabta sun ce mai gyaran agogo ne, bai daɗe da tarewa ba, teburinsa a tashar mota yake. Tun Talata ba a gan shi ba."

"Sunansa?"

"Mai agogo suke ce masa."

"To wa ya kawo ƙarar ɓatansa?"

Mai Mita ya juya hular a hannu. "Kyanwar, ranka ya daɗe. Kwana huɗu tana kawowa."

Zauren ya ɗauki dariya. Wata 'yar kwamiti, mai shagon kayan ɗaki, ta ce a kawo fom kyanwar ta dangwala. Ciyaman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sha toka.

"Bawan Allah, mutane na kwance suna nishi, kai kana yawo da karnuka? Ba ka da kunya? Kuma wa ya ba ka izinin shiga ɗakunan jama'a? Ka gode ba mu haɗa ka da 'yan sanda ba. Sakatare, akwai gurbin kyanwa a fom ɗinka?"

Na ce babu. Da bakina na faɗa, har da ɗan murmushi. Mai Mita ya sa hularsa ya fita, mai hoto ya ce mu matso kusa da buhunan.

Kwana biyu maganar tana ci na a rai, ba tare da na san dalili ba. Ranar Laraba ina jera fom bisa haruffa sai na tuna Fada, limamin cocin da ya shugabanci makarantarmu ta mishan. Kowace safiya ana kiran suna, mu amsa. Amma shi ba ya dogara da amsa. In an gama sai ya ajiye rajista, ya bi benci benci yana ƙirga wurin da babu kowa. Ya kan ce wanda ya zo ya riga ya nuna kansa, aikin malami shi ne wanda bai zo ba. Wata rana da haka aka gano wani ɗan ajinmu kwance da zazzaɓi a bayan ɗakin kwana, bayan abokinsa ya amsa masa suna. Na dubi tarin takarduna, kusan tamanin, kowace da sa hannun ɗan'uwa. Mun ƙirga duk wanda yake da mai yi masa kuka. Wanda yake zaune shi kaɗai kuwa, fom ɗina ya rufe masa ƙofa tun daga gurbi na biyu.

Safiyar Alhamis na cire rigar ruwan lemo na tafi gidan Mai Mita. Matarsa ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, Malam Sakatare ne? Fom ɗin kyanwar ka kawo?"

Ashe labari ya riga ni. Na haɗiye, na ce wurin maigidan na zo.

Muka tafi ɗakin mai agogo, muka hau benen da ma'aikata biyu na shagon buga takardu a matsayin shaidu. Ya kwance kusoshi huɗu, muka shiga. Ɗaki ɗaya ne, da gado, da risho, da tebur a gindin taga. Agogo ko'ina, a bango da kan tebur da cikin gwangwanaye. Nan ɗan abin da na sani ya yi amfani, domin shekara biyu ni ke wana agogon makaranta da makullinsa. Ƙananan agogunan tebur, waɗanda ake wanawa kullum, duk sun tsaya tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Irinsu awa talatin suke yi. Ke nan an wana su da sassafe, suka mutu washegari da rana, ba a sake taɓa su ba. Kalandar da ke bayan ƙofa kuwa, wadda ake yage wa takarda kullum, tana nan a kan Talatar. A gefenta an rubuta lambar waya da fensir, da kalma ɗaya: ƙanwata.

Na kira. Ta ɗauka, na yi mata bayani a hankali. Ta ce ita ce kaɗai ta rage masa, kuma ƙarshen wata suke waya, shi ya sa ba ta nemi shi ba. Ta fashe da kuka. Ta ce ko yanzu ta hau mota, ba za ta iso ba sai Asabar.

Muka wuce asibiti wurin akawu, domin muna zaton mai agogon ne ke kwance a gado na sha bakwai. Matashi ne mai gilashi, da biro huɗu a aljihun gaba. Ya saurare mu yana danna wayarsa.

"Baba, murya a waya ba shaida ba ce. Mutum uku sun riga sun zo sun ce na gado sha bakwai yayansu ne, tun da suka ji ana raba barguna. Ɗaya ma ya ce mace ce."

"To a ba mu makullin mu je mu gwada a ƙofar," na ce.

"Ba ya fita daga ofishin nan sai ɗan'uwa ya sa hannu."

"Ɗan'uwan ba zai tabbata ba sai an gwada makullin."

"Wannan kuma ba matsalata ba ce. Mota gobe ƙarfe goma."

Na je wurin Ciyaman ko zai sa baki. Na same shi ana auna shi da tef, za a ɗinka masa sabuwar riga ta ranar miƙa rahoto. Ya ce kwamiti ba ya shiga lamarin wanda ba ya cikin rajista. Na tuna masa cewa ba ya cikin rajista ne saboda ba mu san shi ba. Ya ce, "Ka ga ni ma abin da nake faɗa ke nan," ya ɗaga hannu tela ya auna hammata.

Na fito na gaya wa Mai Mita. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa akawu yake buɗe ofis.

Ranar Juma'a ƙarfe tara da kwata na isa asibiti. Motar gidan gajiyayyu ta riga ta iso, an buɗe bayanta, direba yana zaune a inuwa. Ta taga na hango ma'aikata biyu sun kawo gadon turawa kusa da gado na sha bakwai. Tara da rabi sai ga Mai Mita yana haki, da wani abu a ƙunshe cikin tsumma, shaidun jiya biyu suna biye da shi. Ya warware tsumman a kan teburin akawu. Kwaɗon ne, a kulle yadda mai shi ya bar shi, haɗe da ƙarfensa da kusoshi huɗu. Ya bar matarsa zaune a kan kujera a bakin ɗakin tana gadi, da jan karen a gefenta.

"Na gaya muku makulli ba ya fita," in ji akawu.

"Ba sai ya fita ba, ɗana," in ji Mai Mita. "Ga ƙofar ta zo."

Akawu ya ce ai ambulan ɗin ma ba a buɗewa. Na roƙi ya nuna mini dokar a rubuce. Ya jawo littafi ya buɗe da gadara. Na sa tabarau na karanta sakin layin sau biyu, da ƙarfi. An hana fitar da kayan majinyaci daga ofis. Ba a ce komai a kan buɗe ambulan ba. Ya fara kame-kame, yana cewa sai ya tambayi na sama. Sista mai ɗakin maza, wadda ta shigo neman takardar sallama, ta tsaya ta ji komai. Ta miƙa hannu.

"Ba ni ambulan ɗin nan. In na sama ya tambaya, ka ce ni na yaga."

Ta yaga, ta zaro makullin da igiyarsa da ta yi baƙi, ta miƙa wa Mai Mita. Ya ƙi karɓa, ya ce shi ba ya taɓa kayan mutane. Ita ta zura shi. Bai juya ba da farko, zafin wuta ya ɗan lanƙwasa shi. Ta ciro, ta goge da gefen rigarta, ta sake zurawa ta danna. Kwaɗon ya buɗe. Agogona ya nuna goma saura minti goma sha biyu.

Sista ta leƙa taga ta ƙwala wa ma'aikatan kira su mai da gadon turawa inda suka ɗauko. Direba ya tambaya ko haka zai koma babu kowa, ta ce ya ɗauki akawu in yana so.

Ƙanwar ta iso Asabar da rana, ta gane yayanta da wani tsohon tabo a diddige. Ta sa hannu a gurbi na biyu, kwamiti ya karɓi fom ɗin nan take. Ciyaman da kansa ya kawo bargo biyu, da mai hoto. A rahoton ƙarshe an rubuta cewa saboda jajircewar kwamiti babu majinyaci ko ɗaya da ya rage ba a gano shi ba. An ba ni in kwafe shi da kyakkyawan rubutuna. Na kwafe har zuwa wannan jimla, na rufe alƙalami, na mai da musu takardarsu da rigarsu. Sun sa an buga shi da inji, ya fito da kuskure bakwai.

Mai agogo ya yi wata huɗu a asibiti. Kunnensa bai dawo ba, yatsa biyu na hannun dama sun ƙage, amma ya koma ɗakinsa da kyanwarsa. Daga cikin dabbobin, tara ba a zo ɗauka ba, domin masu su sun riga mu gidan gaskiya. Suka zauna a tsakar gidan Mai Mita har suka tsufa, matarsa tana zaginsu tana zuba musu abinci. Kwamiti bai taɓa aika masa ko takardar godiya ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Da na yi masa maganar, cewa ya yi zomayen sun fi damunsa, sun haƙe gindin katanga.

Wata rana da hantsi na je gidan na tarar da mai agogo a falo, ya sauke agogon ritayar nan daga bango, ya baje cikinsa a kan tire. Da yatsa uku yake aiki, a hankali, yana ɗora ɗan yatsa a jikin ƙarfen domin ya ji bugun da kunnensa ba zai ji ba. Ya ɗauki awa biyu da minti goma. Da ya rataye shi, matar gidan ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon lilon agogon yana kai da kawowa.

"To, baban yara," ta ce, "yanzu ba ka da hujja. Ƙarfe sha biyu ta yi, je ka ba 'ya'yanka abinci kafin su cinye mini wani sabulun."